Harsashin Jan Ƙarfe: Gudunsa da Wurin da Za A Auna

Wannan bayani domin Hakimai ne da malamansu, su karanta wa Sarakunan Baka da maharban ƙasarsu, musamman na Mando da ƙauyukan da ke kan hanyar Birnin Gwari.

Tun da daɗewa da darma ake yin harsashi, darma kuwa guba ce. Kowa ya tuna da abin da ya auku a Zamfara cikin 2010, inda ƙurar darma ta wajen haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Harsashin darma in ya shiga jikin dabba sai ya farfashe, ɓarɓashinsa ya watsu cikin naman da za a kai wa iyali. Amma akwai na jan ƙarfe zalla. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma an hana farauta da na darma tun 2019.

To, jan ƙarfe ya fi darma tauri. A bakin harsashin akwai ɗan rami wanda ke buɗewa kamar fure in ya bugi nama da ƙarfi. Masu ƙera shi sun ce ba ya buɗewa sosai sai in ya isa dabba da gudun ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a daƙiƙa. Iska tana rage masa gudu tun daga bakin bindiga, in kuwa gudu ya ragu da rabi, rubu'in ƙarfin bugu kaɗai ya saura. Watau wanda ya harbo daga nesa ƙwarai, harsashinsa zai ratsa kamar tsinke, dabba ta tsere da rauni ta je ta mutu a banza. Maganin wannan shi ne maharbi ya yi sanɗa ya matso kusa. Bindigar toka ba ta ba da irin wannan gudu, saboda haka harsashin nan ba nata ba ne.

Sai wurin da za a auna. Tun da ba ya farfashewa, abin da ya ratsa kaɗai yake yi wa lahani. A jira dabba ta ba da gefe, a auna dab da bayan ƙafar gaba, kamar sulusin jiki daga ƙasan ƙirji, inda zuciya da huhu suke. Harbin ciki yana ɓata nama, dabba kuma ta yi nisa kafin ta faɗi. Kai ba ya tsayawa wuri ɗaya, sau da yawa muƙamuƙi ake karyawa, yunwa ta kashe ta. Har wa yau harsashin nan yakan fita ta ɗaya gefen da sauran ƙarfinsa, lalle ne a duba ko akwai manomi ko makiyayi a bayan dabba kafin a harba.

A ƙarshe Hakimai su tuna wa jama'a ba a riƙe bindiga sai da lasin, kuma dajin Kamuku ya zama gandun Gwamnatin Tarayya tun 1999, ba a farauta a cikinsa.