Wane Kundi Ne Ya Fi a Waƙoƙin Tinariwen?

TAMBAYA: Malam, ni direba ne, ina jigila tsakanin Tawa da Agadas, kuma kiɗan jita na Abzinawa shi ne abokin tafiyata, musamman na ƙungiyar Tinariwen. Mun daɗe muna gardama da wani abokin aikina. Shi ya ce kundinsu mai suna Tassili ya fi kowanne, tunda shi ne ya ci kyautar Grammy a Amurka. Ni kuwa na ce na farkon ne na gaske, domin daga baya sun cakuɗa da Turawa, ɗanɗanon ya canza. Don Allah a raba mana wannan gardama. Daga wani mai karatunmu a Tawa.

AMSA: Allah ya tsare hanya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Na ji daɗin tambayarka, don ni ma na shafe shekaru ina jin waɗannan mutane. Ba zan sallame ka da cewa kowa da abin da yake so ba. Ina da zaɓi, kuma zan faɗe shi. Amma ka yi mini haƙuri mu bi sawun tafiyar tukuna, saboda ƙungiyar da ta haura shekara arba'in tana kiɗa ba a yi mata hukunci da kaset ɗaya.

Abu na farko da ya kamata ku sani, kai da abokinka, shi ne kundin da kake kira na farko ba shi ne farkon Tinariwen ba. Jagoransu, Ibrahim Ag Alhabib, yana ɗan ƙaramin yaro sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a tawayen 1963. Ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya, inda ya haɗa jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Wajen 1979, a garin Tamanrasset, ya haɗu da samari irinsa, waɗanda fari da rikici suka raba da dabbobinsu da ƙasarsu. Ana kiran irin waɗannan samari ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. Daga can suka shiga sansanonin horon soja a Libiya zamanin Gaddafi. Duk tsawon shekarun 1980 waƙoƙinsu a kaset suke yawo, wannan ya kwafa ya ba wancan, daga Libiya zuwa Kidal zuwa Agadas, ba kamfani, ba ciniki. Wasu daga cikinsu sun ɗauki bindiga a tawayen 1990, suka ajiye ta bayan sulhu. Sai a 2001 ne kundinsu na farko ya shiga kasuwar duniya. Ka ga kenan sun yi fiye da shekara ashirin suna tara waƙa kafin baƙi su ji su.

Wannan kundi na 2001, The Radio Tisdas Sessions, shi ne naka. An ɗauke shi a wani ƙaramin gidan rediyo na harshen Tamashek a Kidal, inda wutar lantarki ba ta wuce 'yan sa'o'i, tare da taimakon wani makaɗin Ingila, Justin Adams, da mutanen ƙungiyar Lo'Jo ta Faransa. Ina ganin abin da ya ja ka gare shi. Sautinsa busasshe ne, ba kwalliya, kamar kana zaune da su a bakin wuta ana dafa shayi. Amma lura da abu biyu. Na ɗaya, hannun Turawa yana cikinsa tun daga ranar farko, don haka ba za a ce daga baya ne aka fara cuɗanya ba. Na biyu, tafiyarsa ɗaya ce kusan daga farko har ƙarshe, kuma ƙarfin da ƙungiyar ke nunawa a dandali bai gama fitowa a cikinsa ba. Shaida ce mai daraja, amma makaɗan ba su kai ƙarshen ƙarfinsu ba tukuna.

A 2004 suka fitar da Amassakoul, wato matafiyi, wanda aka ɗauka a Bamako. A nan jini ya fara gudu. Matasa sun shigo ƙungiyar, irin su Eyadou Ag Leche mai jitar bas da Said Ag Ayad mai ganga, kuma yawon wasa a ƙasashen Turai ya ɗaure su wuri guda. Jitar lantarki ta yi kaifi, tafi da guɗar mata sun fito fili. Da wannan kundi ne masu son kiɗan rok a Turai da Amurka suka gane cewa ga 'yan'uwansu a Sahara.

Sai 2007, Aman Iman, ma'ana ruwa shi ne rai. Zan dawo kansa.

A 2009 suka koma gida, suka ɗauki Imidiwan, wato abokai, a Tessalit, yankin da Ibrahim ya fito. Kundi ne mai natsuwa, muryoyi da yawa, kowane dattijo da nasa rabo. Bayansa ne Tassili ya zo a 2011, na abokinka. Rashin tsaro a arewacin Mali ya sa aka kafa tanti a cikin duwatsun da ke kusa da Djanet, a kudu maso gabashin Aljeriya, aka ɗauke shi a can. Sun jingine jitar lantarki a mafi yawan waƙoƙin, suka koma ta katako, da ƙwarya da tafi. Sun kuma gayyato baƙi daga Amurka: Tunde Adebimpe da Kyp Malone na ƙungiyar TV on the Radio, da Nels Cline, da masu busa na Dirty Dozen Brass Band daga New Orleans. A farkon 2012 ya ci Grammy a rukunin kiɗan duniya.

To, ga inda hujjar abokinka ta yi rauni. Masu ba da Grammy ba sa ɗaukar kundayen Tinariwen su jera su, su zaɓi wanda ya fi. Suna gwada kundin wannan shekara ne da kundayen wasu mawaƙa na wannan shekarar. Kyautar tana nuna lokacin da masu zaɓe a Amurka suka waiwayo, kuma sunayen da suka riga suka sani a bayan faifan sun taimaka wajen waiwayen. Tassili kundi ne mai kyau ƙwarai, ina jin sa da dare in gari ya yi shiru. Sai dai akwai wuraren da muryar baƙo ke shigowa da Turanci, sai in ji hankalina ya bar hamada ya tafi wani wuri. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Abin da ya biyo baya tarihin gudun hijira ne karo na biyu. A 2012 masu iƙirarin jihadi suka mamaye arewacin Mali suka hana kiɗa. Dole Emmaar na 2014 aka ɗauke shi a hamadar Joshua Tree ta Kalifoniya. Elwan na 2017, wato giwaye, an ɗauki wani ɓangarensa a kudancin Maroko, kuma sunan kansa ya isa bayani ga duk wanda ya san abin da ke samun ciyawa idan giwaye na faɗa. Amadjar na 2019 a tanti aka yi shi kusa da Nouakchott, tare da mawaƙiyar Muritaniya Noura Mint Seymali. Amatssou na 2023 ya sake komawa Djanet, Daniel Lanois ya sa hannu a tsara sautinsa, aka haɗa da makaɗan gargajiyar karkarar Amurka. Babu na yarwa a cikinsu, Elwan ma yana da nauyi da zafi na musamman. Amma kundaye ne na dattawan da suka riga suka kafa gidansu, suna ƙara ɗaki suna karɓar baƙi.

Yanzu ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wurina Aman Iman ne ya fi, kuma ga dalilaina.

A kowace ƙungiya da ta daɗe, akwai abu uku da ba kasafai suke haɗuwa lokaci guda ba: waƙoƙi masu ƙarfi, makaɗan da hannunsu ya faɗa, da ɗaukar sauti da ta dace da su. A farko akwai waƙa amma hannu da na'ura ba su kai ba. A ƙarshe akwai hannu da na'ura amma an riga an zuba manyan waƙoƙin. A Aman Iman ukun suka haɗu. Rumbun zamanin kaset bai ƙare ba, suna ta ɗebo tsofaffin waƙoƙin da jama'arsu suka riga suka tace su shekara da shekaru, kuma da tsohuwar zuma ake magani. A ciki akwai Soixante Trois, wadda Ibrahim ya yi kan shekarar da ta mayar da shi maraya. Akwai Tamatant Tilay ta zamanin gwagwarmaya, wadda daga baya makaɗin nan Herbie Hancock ya sake ɗauka tare da su a 2010. Akwai kuma wadda kai za ta fi taɓa ka, Mano Dayak, sunan jagoran Abzinawan Nijar da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa. Duk lokacin da ka shiga garin, kana wucewa ta gefen wannan tarihi.

Ta wajen kiɗa kuma, ƙungiyar ta yi shekara biyar zuwa shida tana hawa manyan dandamali, ta san yadda ake riƙe taro. Justin Adams ya dawo ya tsara sautin a Bamako, kuma ya yi abin da ya dace: ya bar jita da ƙurarta, bai wanke ta ba, bai cika kundin da manyan baƙi ba. Ka saurari Cler Achel, waƙar da ta buɗe kundin. Jita ɗaya ce ke jan gora, sauran suna kewaya ta, bas yana tafiya kamar raƙumin da ya saba da hanya, 'yan amshi suna karɓa, tafi yana riƙe da ƙugun waƙar. In ka kasa kunne za ka ji tende a ƙarƙashi, gangar nan da matan Abzinawa ke yi da turmi da fatar akuya, an mayar da bugunta kan jitar lantarki. Kuma dattawan duk suna nan da ƙarfinsu: Ibrahim da muryarsa mai kaushi, Abdallah Ag Alhousseyni da taushin jitarsa, Alhassane Ag Touhami, har da marigayi Mohammed Ag Itlale da ake kira Japonais, mawaƙin da bai cika bin su yawon duniya ba. Abin da suke kira assouf, wato kewa da begen gida da ke kama mutum a cikin daji, a nan ya fi fitowa da jiki, ga baƙin ciki ga rawa a waƙa ɗaya.

Ga shawarata. Kundi ba a auna shi da waƙa ɗaya da aka tura maka a waya. A tafiyarku ta gaba, ku ɗauki ukun nan: naka, nasa, da nawa. Ku sa kowanne daga farko har ƙarshe, kada wanda ya taɓa maɓallin tsallakewa. Ku lura da wanda hannunku ya yi ƙaiƙayin tsallake wata waƙa a cikinsa, da wanda ya ƙare kuna son a maimaita. Hanyar Tawa zuwa Agadas tana da tsawon da za ta ɗauke su duka har a sake zagayowa. Sa The Radio Tisdas Sessions da asuba kafin rana ta yi zafi, Aman Iman bayan kun wuce Abalak hanya ta miƙe, Tassili kuma idan kun sauka an ɗora shayi. In kun dawo Tawa, ka rubuto mini abin da kunnuwanku suka yanke. Ka gaishe mini da abokin naka.