Duba Lafiyar Shuka da Hoton Tauraron Ɗan'adam: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Biya Kuɗi

Manomin da ke da hekta goma ta shinkafa a Kadawa ba zai iya taka kowane lungu na gonarsa kullum ba. Sau da yawa sai ganye ya yi ɗorawa har ana hangen sa daga bakin hanya kafin a ankara, a lokacin kuwa taki ko magani ya riga ya makara. Wannan matsalar ce ta sa kamfanoni ke tallar manhajojin da ke nuna gona daga sama, a biya su duk wata ko duk shekara. Fasahar tana aiki, amma hoton yana nuna inda matsala take ne kawai, ba ya faɗin mece ce matsalar. Wanda bai fahimci haka ba zai iya asarar kuɗin rajista da kuɗin taki gaba ɗaya.

Me tauraron yake gani?

Lafiyayyen ganye yana shanye jan haske domin haɗa abincinsa, sannan ya mayar da mafi yawan wani haske da idon mutum ba ya gani, wato infared na kusa. Idan shuka ta wahala ko ta yi ƙaranci, jan hasken da take mayarwa zai ƙaru, infared ɗin kuma ya ragu. Kyamarar tauraron tana auna su biyun, sai manhaja ta fitar da lamba ɗaya da ake kira NDVI.

Lissafin ba shi da wuya. A cire ja daga infared, sannan a raba da jimlarsu. Misali, idan infared 0.45 ne, ja kuma 0.05, za a raba 0.40 da 0.50, a samu 0.8. Idan infared ya sauka zuwa 0.30, ja ya hau 0.12, sakamakon zai koma kusan 0.43.

Lambar tana tsakanin -1 da +1. Ruwa yakan ba da ƙasa da sifili, ƙasar da ba komai a kanta takan tsaya wajen 0.1 zuwa 0.2, shukar da ta rufe ƙasa kuma takan kai 0.6 zuwa sama.

Taurarin da ake amfani da su

*Sentinel-2* na shirin Copernicus ne na Tarayyar Turai. An harba na farko a 2015, na biyu a 2017, na uku a 2024. Kowane ɗigo a hotonsa yana wakiltar mita 10 sau 10 a ƙasa, yana kuma dawowa kan wuri ɗaya kusan duk kwana 5. Kyauta ne.

*Landsat 8 da 9* na Amurka ne. Ɗigonsu mita 30 ne, kuma idan aka haɗa su biyun ana samun sabon hoto duk kwana 8. Su ma kyauta ne.

*PlanetScope* na kamfanin Planet ne. Ɗigonsa kusan mita 3, yana ɗaukar hoto kusan kullum, amma sai an biya.

Bambancin zai fito fili idan aka auna da hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000. A Landsat ɗigo 11 ne kacal, a Sentinel-2 ɗigo 100, a PlanetScope kuwa sama da 1,000. Gonar da ba ta kai rabin hekta ba, yawancin ɗigoginta na Sentinel-2 za su gauraya da gonar maƙwabci ko hanya ko magudanar ruwa.

Hotunan Google Maps ba sa wannan aikin. Suna da kyan gani, amma sukan yi watanni ko shekaru ba a sabunta su ba.

To me ake biya wa kuɗi?

Manhajoji da yawa, irin su EOSDA Crop Monitoring da OneSoil, suna dogara ne da Sentinel-2 ɗin da kowa zai iya samu kyauta. Abin da ake saye shi ne sauƙi: ajiye iyakar gona, ware hotunan da gajimare ya rufe, jadawalin yadda shuka ke tafiya mako-mako, bayanan yanayi, da saƙon gargaɗi idan lamba ta faɗi. Wasu kan ƙara hotuna masu ƙaramin ɗigo a kan ƙarin kuɗi. Farashin yakan danganta da yawan hekta, kuma galibi da dala ake yanka shi, don haka canjin naira yana shafar sa.

Kafin a biya, a tambayi abu uku: wane tauraro ne ke ba da hoton, hotuna nawa marasa gajimare aka samu a yankin a daminar da ta wuce, kuma akwai mafi ƙarancin hektar da ake karɓa?

Yadda ake gwadawa kyauta

1. A zagaya gonar da waya, a ɗauki lambobin GPS na kowace kusurwa.
2. A buɗe Copernicus Browser, a yi rajista da imel. Ya fi sauƙi a kwamfuta.
3. A nemo gonar, a zaɓi Sentinel-2 L2A, a rage yawan gajimaren da aka yarda da shi.
4. A zana iyakar gonar, amma a ɗan shigo ciki don kauce wa ɗigogin gefe.
5. A zaɓi NDVI, a kwatanta hotunan ranaku uku ko huɗu a jere.
6. A ɗauki lambar wurin da ya bambanta da sauran gonar, a je a gani da ido.

A lura cewa launi ya danganta da manhaja. Wata takan nuna rauni da ja, wata da fari-fari. Lambar ce abin dogaro.

Inda hoton ke yaudara

*Gajimare.* A Yuli da Agusta, lokacin da aka fi bukatar hoto, ana iya yin makonni ba a samu mai kyau ba. Tauraron Sentinel-1 yana amfani da rada mai ratsa gajimare, sai dai ba ya ba da NDVI. Da rani kuma ƙurar hunturu takan rage lambar.

*Ciyawa.* Tauraron bai san bambancin masara da ciyawa ba. Gonar da ba a nome ba za ta iya fin wadda aka nome kore.

*Haɗa shuka.* Inda aka shuka gero da wake tare, lamba ɗaya ce za ta fito musu. Wake zai iya rufe ƙasa ya ɓoye wahalar geron.

*Bishiyoyi.* Darbejiya da mangwaro kan ɗaga lambar wurin da suke. Gawo kuma yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka zai iya ruɗar mai noman rani.

*Matakin shuka.* Shinkafar da aka dasa kwanan nan lambarta ƙasa take saboda ruwan da ke fili. Hatsin da ya kusa nuna ma lambarsa na sauka, kuma wannan ba ciwo ba ne. Idan ganye ya yi duhu sosai, NDVI yakan daina nuna bambanci, a nan sai a koma ga wani ma'auni mai suna NDRE.

Mafi muhimmanci, ƙarancin taki, ƙishirwa, kwanciyar ruwa, ƙuduji da tsutsar masara duk iri ɗaya suke fitowa a hoto. Wanda ya ga tabo ya zuba yuriya ba tare da ya je ba, alhali ruwa ne ya kwanta a saiwa, ya zubar da kuɗinsa.

Wa ya kamata ya biya?

Rajista ta fi amfani ga mai gona babba, ko ƙungiyar manoma, ko kamfanin da ke raba iri da taki bashi ga manoma da yawa. Ta fi dacewa da noman rani mai shuka iri ɗaya, kamar shinkafa da alkama a Kura, Bakolori ko kwarin Haɗeja, inda sama take a buɗe. Mai kadada ɗaya ko biyu kuwa, ƙafarsa da idonsa sun fi tauraron saurin gano matsala.

Shawara ita ce a yi kaka ɗaya cur da hotunan kyauta, ana rubuta abin da hoto ya nuna da abin da aka tarar a gona. Idan aka ga sun dace, kuma aikin dubawa ya fara yin yawa, to a lokacin ne biyan kuɗi zai yi ma'ana.