Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Tarihin Bindigar AK-47?

AK-47, wadda wani mai sauraronmu ya nemi bayani a kanta, ita ce uwar dangin bindigogin Kalashnikov. Mikhail Kalashnikov, sojan tankar yaƙi na Tarayyar Sobiyet da ya ji rauni a 1941, shi ya ƙirƙiro ta a 1947, sojojin ƙasar kuma suka fara aiki da ita a 1949. Daga baya aka fito da AKM a 1959, sai AK-74 a 1974. Ƙasar Sin ta ƙera irinta mai suna Type 56. Akwai kuma Saiga ta farar hula, wadda mafarauta ke saye, tana fitar da harsashi ɗaya a kowane jan kunama.

Farin jinin AK-47 ya samo asali daga arha da ƙarko: ƙura ko laka ba su cika hana ta aiki ba, gidan harsashinta mai lanƙwasa kuma yana cin 30.

Mayaƙan neman 'yanci sun ɗauke ta alamar gwagwarmaya, shi ya sa tutar Mozambik ke ɗauke da ita tare da fartanya da littafi. A Arewacin Najeriya da Nijar kuwa, ambatonta yana tuna wa jama'a ta'asar 'yan bindiga.