Mu Kai Yara Gidan Tarihi

Takardar wayar da kai ga iyaye da malamai na ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara

Gabatarwa

Jama'a, Allah ya zaunar da mu a wuri mai albarka. In muka fuskanci kudu, ga Zariya a bakin ƙofa, Kaduna na bayanta. In muka juya arewa, ga Kano. Da wuya rana ta fito ta faɗi mota ba ta tashi daga Hunƙuyi ko Likoro ko Tashar Yari ɗauke da rake, ko kwandunan tumatur, ko buhunan tattasai da albasa ba. Rakenmu ya san hanyar birni sarai. Amma tara 'yan aji biyar na makarantar garinku ka tambaye su wa ya taɓa ganin Dutsen Dala, ka ƙirga hannuwan da za a ɗaga. Yawancinsu ba su taɓa shiga babban birni ba, sai fa in ciwo ya kai su asibiti, ko an tafi da su biki sun wuni a tsakar gida.

Nufin wannan 'yar takarda shi ne ta nuna mana gidajen tarihin da ke kusa da mu, da abin da yaro zai gani a cikinsu, da yadda za a shirya tafiyar ba tare da an takura aljihu ba.

Mene ne gidan tarihi?

Kowane manomi ya san ba duk abin da aka girbe ake ci ba. Akan zaɓi zangarniya mai kyau a rataye, a ce wannan iri ne, ko yunwa ta matsa ba a taɓa shi. To, gidan tarihi shi ne wurin da al'umma ke ajiye irinta: makaman kakanni, da suturarsu, da kayan sana'arsu, da rubuce-rubucensu, don na baya su gani su san daga ina suka fito. A Nijeriya akwai hukumar tarayya mai kula da gidaje da kayan tarihi, wadda aka kafa a 1979, kuma wasu jihohi da jami'o'i suna da nasu.

Kano: Gidan Makama

Wanda zai fara, ya fara da Gidan Makama. Yana cikin birni, dab da gidan Sarki. An gina shi ne a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903 sun yi ofis a cikinsa, daga baya aka raba shi: wani sashe makaranta, wani gidan tarihi, wani kuma ya ci gaba da zama na Makama.

Kafin a duba komai, a sa yaro ya ɗaga kai ya kalli ginin kansa. Ƙasa ce da azara, irin wadda muke rushewa a ƙauye muna cewa ta tsufa. Ya taɓa kaurin bango, ya ji sanyin zaure alhali waje rana na ƙuna. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da taswirar ganuwa, da sulke da lifidi da takubba da masu, da kayan kiɗan sarauta, da hotunan sarakuna, da labarin Yaƙin Basasa da aka gwabza tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893. Yaron da aka karantar da shi cewa mayaƙan dā suna sa sulke, ya ɗauka wata riga ce kamar ta 'yan ƙwallo. Sai ya tsaya gabansa, ya ga zobban ƙarfe an sarƙa ɗaya cikin ɗaya, sannan zai tambaya, “Baba, wa ya ƙera wannan? Yaya mutum zai hau doki da shi cikin zafin bazara?” Wannan tambayar ita aka je nema. Gani ya kori ji.

Ni kaina na taɓa zuwa da wata jikata 'yar shekara tara. Muka isa inda aka shirya ɗakin amarya irin na da, na ce mata, “To, amarya, ga ɗakin da zan kai ki.” Ta taɓe baki ta ce, “Haba Kaka, ba katifa, ba firji?” Tana cikin dariya sai ta yi tsit, ta nuna wata tasa a cikin jere. “Kaka, ai irin wannan ce ta Goggo, wadda aka ba mai gwangwan ya ba mu bokitin roba.” Na rasa abin ce mata. Tasar da mahaifiyata ta zo da ita gidan aure, mun musanya ta da robar da ba ta yi damina biyu ba, ga 'yar'uwarta kuma mun biya kuɗin mota mun zo kallo.

Kano: Gidan Ɗan Hausa da maƙwabtansa

A unguwar Nassarawa akwai Gidan Ɗan Hausa. Ɗan Hausa laƙabi ne da aka sa wa Hanns Vischer, Bature haifaffen ƙasar Suwizalan, saboda jin Hausarsa. Ya ratso Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, kuma shi ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, a nan Nassarawa, a 1909. Yana cikin waɗanda suka fara tsara ƙa'idar rubuta Hausa da baƙaƙen boko, irin waɗanda kake karantawa yanzu. Gidan na ƙasa ne mai zane a bango, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano. Ɗan makaranta ya cancanci ya ga inda karatun da yake yi ya fara tsiro.

In da sauran lokaci, a biya ta marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Nan tarihi bai shiga gilashi ba. Yaro zai ga marini zaune a bakin rami, yana tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa, har launi ya kama. A gefe kuma zai ji sautin mabuga. Daga nan sai a rufe da gidan namun daji na Audu Bako, ya zama tukuicin haƙurin da ƙananan suka yi.

Kaduna: Gidan Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa

A Kaduna, kan titin Ali Akilu, akwai Gidan Tarihi na Ƙasa. An buɗe shi a 1975, a ginin da dā ofishin jam'iyyar NPC ne. Abin da ya fi jan ido a ciki shi ne kayan yumɓu na Nok. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, cikin jiharmu ta Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe a 1928. Masana sun tabbatar sun haura shekara dubu biyu, kuma mutanen da suka yi su sun iya narkar da tama su fitar da ƙarfe.

Akwai labarin da ya kamata kowane manomi ya ji. A 1943 aka tono wani kan mutum na yumɓu a wata mahaƙar kuza a yankin Jama'a. Wani ma'aikaci ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumin tsoratar da masu ɓarna, ya yi kusan shekara a can. Daga baya aka kai shi Jos gaban wani jami'i mai suna Bernard Fagg, wanda ya gane ɗan'uwan na Nok ne. Daga nan sunan Nok ya zagaya duniya, kuma Fagg ɗin ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Sai Gidan Arewa, wanda aka fi sani da Arewa House, a titin Rabah. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda aka kashe ranar 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar binciken tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ne shugabanta na farko, yau kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai hotuna da kayan Sardauna, da tsofaffin jaridu, da littattafan malamai rubutun hannu. Wannan ya fi dacewa da 'yan sakandare da manyan almajirai. Ƙanana kuwa a kai su lambun Gamji a bakin kogi, su ga 'yar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga da aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka ciro ta aka kawo Kaduna.

Wanda bai da halin zuwa Kano ko Kaduna, Zariya ba ta fi ƙarfinsa ba. Ragowar ganuwa na nan, a nan kuma Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina tsohon Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, masallacin da don gwanintar gininsa har aka yi kwaikwayonsa a gidan tarihin Jos, sai dai wani sashensa ya rufta a 2023.

Amsa ga masu shakka

Wani zai ce, “Ai gidan gumaka ne.” Ba a bauta wa komai a can, ba a kuma nemi kowa ya girmama komai ba. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa addini ya kwaɗaitar da duba halin al'ummun da suka shuɗe don ɗaukar izina. Uba ne zai yi wa ɗansa bayani: waɗannan mutane ne da suka rayu tun kafin Musulunci ya iso ƙasar nan, dubi hikimar da Allah ya ba su, dubi kuma yadda suka wuce.

Wani zai ce, “Wannan aikin 'yan boko ne da masu kuɗi.” Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Mota ce mai cin kuɗi, ita kuwa in an yi karo-karo ta yi sauƙi. Kayan da ke ciki ma ba 'yan boko suka yi su ba. Maƙera ne da masaƙa da dukawa da magina, wato kakanninmu.

Yadda za a shirya

Na ɗaya, a zaɓi lokacin da amfani ya zo gida kuma ana hutun makaranta. Ranar gidajen tarihi ta duniya 18 ga Mayu ce, amma mu nan ta faɗo lokacin sharar gona da shuka, don haka hunturu ya fi mana.

Na biyu, gida uku ko huɗu su haɗu su ɗauki shatar mota, ko ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauki nauyi. In ayarin makaranta ne, shugaban makaranta ya aika da takarda tun da wuri, a san ranar da ake buɗewa, a kuma nemi mai zagayawa da yara.

Na uku, a yi sammako, a dawo da sauran rana. A guji tsakar ranar Juma'a a Gidan Makama, don cinkoson masallaci.

Na huɗu, a yi guzuri daga gida: dambu ko ɗanwake, da ƙuli-ƙuli, da ruwa isasshe. Kowane babba a damƙa masa yara biyar, ya ƙirga su a shiga, ya ƙirga a fita. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu.

Na biyar, kada a bar mata a gida. Rabin abin da ke cikin gidajen nan, daga mazari da abawa zuwa faifai da akushi, uwa da kaka ne suka san sunansa da aikinsa. In da tsohuwa mai sauran ƙarfi, a ba ta kujerar gaba.

Na shida, a koya wa yara ladabin wurin: ba a taɓa abin da aka hana taɓawa, ba a gudu, ba a rubutu a bango, ba a ɗaukar hoto sai da izini. Amma kada a tsawata musu don sun yi tambaya. Kada kuma a ce sai an ga komai a rana ɗaya. Gida ɗaya a natse ya fi uku a guje.

Bayan an dawo gida

Da dare, bayan tuwo, a sa kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya gani. Wanda ya iya zane ya zana. Washegari kuma a zagaya da su cikin gida da unguwa, a nemi 'yan'uwan abin da aka gano a birni: tsohuwar garma a bayan rumbu, da allon kaka, da takobin da ke rataye a turaka, da injin matse rake da doki ke juyawa a wajen masu mazarƙwaila. A tambayi tsofaffi wa ya yi, yaushe, yaya ake aiki da shi, a rubuta a littafi tun masu amsar suna raye. Makarantar da ke da ɗaki rarar, ta ware kusurwa ta tara irin waɗannan.

Wanda kuma garmarsa ta tono wani tsohon abu a gona, kada ya fasa, kada ya sayar wa dillali, domin doka ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje. Ya kai wa mai unguwa ko dagaci a sanar da hukuma.

Jama'a, bana in an sare rake, a ware kuɗin dami kaɗan a ce na tafiyar yara ne. In kuma mai gwangwan ya yi sallama a ƙofar gida, a ba shi fasasshen bokiti da tsohon kwanon rufi, tasar Goggo kuwa a mayar da ita ɗaki. Allah ya raya mana zuriya, ya sa su san asalinsu. Amin.