Yadda Ake Dasa Na'urar da ke Hana Harshe Toshe Numfashi a Cikin Barci

A gidajen Yelwa da Ngaski da Shanga, minshari abin tsokana ne. Uwargida ta yi wa maigida ba'a, jikoki su kwaikwaye shi. Amma akwai wanda ba na dariya ba: mutum yana ja yana ja, sai a ji tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta wucewa, can sai ya yi wani gurnani ya juya ya ci gaba. Da safe bai san an yi ba. Abin da ya sani shi ne ciwon kai da bushewar baki da gyangyaɗi da rana tsaka. In direba ne a hanyar Yauri zuwa Kontagora, ko mai jan jirgin fasinja a tafkin Kainji, ba ransa kaɗai ke cikin haɗari ba.

Idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro yakan saki, gindin harshe ya koma baya ya rufe hanya. Likitoci na ƙirga duk tsayawar numfashi ko raguwarsa da ta kai daƙiƙa 10. Sau 15 zuwa 30 a awa ɗaya ciwo ne matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani ne, kuma yana tafiya da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wani nazari da aka buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ke da matsalar a duniya, Nijeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawansu.

Maganin farko shi ne injin hura iska da ake kira CPAP, wanda Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostireliya ya bayyana a 1981. Yana aiki sosai, sai dai mutane da yawa ba sa jure kwana da abin rufe hanci, kuma yana son wutar da ba ta ɗaukewa har asuba. Mutanen bakin Kainji, duk da madatsar samar da lantarki da aka kammala a 1968, sun san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Saboda waɗanda injin ya gagara aka ƙera na'urar dasawa ta kamfanin Inspire na jihar Minesota, wadda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2014.

Aikin yana farawa da tantancewa, kuma a nan ake sallamar mutane da dama. Da farko a yi gwajin barci, a manna wa mutum wayoyi ya kwana ana auna numfashinsa da iskar da ke jininsa. Gwajin zai nuna ko toshewa ce, ko kuwa ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin aika umarnin numfashi. In na biyun ya yi yawa, na'urar ba ta da abin yi. A duba ƙiba, don kitsen wuya kan fi ƙarfin harshe. Daga nan likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya yi wa mutum allurar barci mai sauƙi, ya zura siririyar kyamara ta hanci, ya ga yadda maƙogwaro ke rufewa da idonsa. In daga gaba zuwa baya yake rufewa, tura harshe gaba zai buɗe shi. In kuwa ganɗa ce ke tsukewa ta ko'ina a zagaye, sai a ba shi haƙuri. (Wannan kallon na kyamara ya isa ya nuna dalilin da ya sa cire beli a wajen wanzami ba ya warkar da mai irin wannan ciwo: askar ba ta kai ga gindin harshe ba.)

Ranar tiyata ana sa mutum barci gaba ɗaya, aikin kan ɗauki awa biyu zuwa uku. Likita zai tsaga ƙarƙashin muƙamuƙi, galibi ta dama, ya nemo jijiya ta goma sha biyu cikin waɗanda suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, wato mai sarrafa harshe. A nan gwanintar take. Jijiyar ta rarrabu: wasu rassan na tura harshe waje, wasu na jawo shi ciki. In aka haɗa da masu jawowa, an sayo wa mara lafiya abin da zai ƙara shaƙe shi. Don haka kafin a fara ake soka ƙananan allurai masu saurare a harshe da ƙasan baki. Likita ya taɓa kowane reshe da 'yar wuta kaɗan, injin ya nuna naman da ya amsa. Sai ya ware masu jawowa gefe, ya naɗe masu turawa da wani ɗan zobe mai laushi da ke ɗauke da wayar lantarki.

Tsaga ta biyu a saman ƙirji ake yinta, a haƙa ɗan aljihu a ƙarƙashin fata a sa batir da ƙwaƙwalwar na'urar, abin da bai wuce kwalin ashana ba. A bi da wayar ta ƙarƙashin fatar wuya a haɗa su. Sai ma'aunin numfashi, wanda ake cusawa tsakanin naman haƙarƙari. A da shi ma sai an yi masa tsaga ta uku, daga baya aka koma sa shi ta tsagar ƙirjin, sabon samfurin da aka amince da shi a 2024 kuwa a cikin batirin yake. Kafin a ɗinke, a kunna a gani: in harshe ya leƙo gaba ya wuce haƙora, an dace.

Yawanci a ranar ko washegari ake sallama. Ba a kunna na'urar sai bayan kamar wata guda, ciwo ya warke.

Daga nan mai ita ke riƙe da rimot. Zai kwanta ya ɗora shi a ƙirji ya danna, na'urar ta jira kamar rabin awa har barci ya ɗauke shi. Duk sanda ma'aunin ya ji za a ja numfashi, sai ta aika wuta kaɗan, harshe ya matsa gaba, iska ta wuce, ya saki. Haka har gari ya waye a kashe. Ana farawa da ƙarfi kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako, bayan 'yan watanni a sake gwajin barci a daidaita. Wasu kan yi kukan tsamin harshe, ko gogarsa da haƙoran ƙasa, ko bushewar baki.

A gwajin da aka yi wa mutum 126, wanda aka buga a farkon 2014, tsayawar numfashi ta sauko daga kusan 29 a awa zuwa 9 bayan shekara guda, raguwar kashi 68 cikin ɗari. Sakamako ne mai kyau, amma 9 ba sifiri ba ne, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku ba su kai mizanin nasara ba, alhali zaɓaɓɓu ne tun farko. Akwai kuma Genio na kamfanin Nyxoah na Beljiyam, da ya samu izini a Turai a 2019. Shi ba batir a jiki, a ƙarƙashin haɓa ake dasa shi, da dare a manna masa abin ba shi wuta daga waje.

A Amurka kuɗin aikin kan kai dala 30,000 zuwa 40,000. Mutumin Yauri da ake zargin yana da ciwon zai fara ne da likitan maƙogwaro, irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma sau da yawa rage ƙiba da kwanciya a gefe da barin ƙwayoyin barci kan sauƙaƙa abin. Mai halin da ya yi niyyar fita waje a dasa masa kuwa, ya sa kuɗin komawa a lissafi: saitin na'urar sai da kwamfutar likitan da aka horar a kanta, batirin kuma yakan yi kamar shekara 11, sannan a sake buɗe ƙirji a canza shi.