Yadda Ake Tattaki Daga Samaru Zuwa Kufena Da Wusasa Ta Cikin Gonaki

Duk shekara idan kaka ta yi, sai na ji wani ya tara samari ya ce zai kai su Kufena a ƙafa. Ya ce a haɗu da ƙarfe tara, kowa ya zo da sabon kambas, waya za ta nuna hanya. Kafin azahar za ka same su zube a gindin ɗorawa, ƙafa ta yi bororo, ruwa ya ƙare, ga mai gona a kansu yana faɗa an tattake masa wake. Daga nan sai su koma gida suna cewa tafiyar wahala ce. Ba wahala ba ce. Ƙasar da ke tsakanin Samaru da Wusasa shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawan da zai sa dattijo haki sai fa wanda ya ga dama ya hau dutsen Kufena. Na bi ta sau da yawa, da abokai da kuma 'ya'yana, kuma abin da ke ɓata ta guda uku ne: lokacin fita, takalmi, da rashin iya shiga gonar mutane.

Fara da zaɓen wata. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu shi ne lokacinta. Ruwa ya ɗauke, laka ta bushe, an fara girbe dawa da masara, don haka ido na ganin nesa, masu lambu kuma sun soma aikin rani a fadama. Watan Agusta marka ce, rafi ya cika, dawa ta fi mutum tsawo, ba ka ganin ko ina ka dosa. Maris da Afrilu kuwa zafin bazara ne, kada ma ka soma.

Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, tambayi halin da hanya ke ciki. Wannan ba zancen wasa ba ne. Shekarun nan an sha fama da masu garkuwa da mutane a gefen garin Zariya, kuma labarin jiya ba shi ne na yau ba. 'Yan acaɓan da ke kai mutane ƙauyukan bayan Jami'ar Ahmadu Bello sun fi kowa sanin abin da ake ciki, haka masu kawo kayan gwari kasuwar Samaru da sassafe. Idan biyu daga cikinsu suka ce maka a dakata, ka dakata. Kada ka fita kai kaɗai, kada kuma ku wuce mutum shida ko bakwai, domin taro mai yawa a gona ɓarna yake yi. Faɗa wa na gida inda za ku bi da lokacin da za ku dawo.

Ruwa lita biyu ga kowane mutum, a gora, ba a leda ba, don ledar a gona take ƙarewa, dabba ta ci ta mutu. Dabino, ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, hula, katin shaida, 'yan canji a aljihu, da sanda. Shi ke nan kayan.

Takalmi kam sai na ɗan tsaya. Masu ba da shawara suna son su ce a sayi babban but irin na masu hawan duwatsun Turai. A nan nauyi ne kawai da zufa. Tsohon kambas ɗinka wanda ya riga ya saba da ƙafarka, shi ne takalmin tafiya. Ni na fi son takalmin robar nan da makiyaya ke sawa, ana samunsa a kasuwar Sabon Gari da kuɗi kaɗan, ruwa ba ya cinsa, laka kuma da an ɗauraye ta fita. Sharaɗinsa safa mai kauri, sannan ka shafa Vaseline a dunduniya da tsakanin yatsu kafin ka sa. Silifa ba ta zuwa, tsidau zai huda ta. Wando ya zama dogo mai santsi, domin ƙarangiya tana son yadi mai gashi-gashi, kuma wanda ya taɓa zama yana cire ta ɗaya bayan ɗaya ya san abin da nake nufi. Ke kuma 'yar'uwa, zani mai jan ƙasa zai kwashe raɓa da ƙaya, a sa wando a ciki a ɗan ɗage na sama.

Ku yi sallar asuba, ku karya da koko da ƙosai, ku fita gari na wayewa. Wanda ke Sabon Gari ya shiga motar Samaru daga PZ ko Kwangila ya sauka a babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Ku yi wa masu gadi sallama, ku gaya musu gaskiyar inda za ku, ku nemi su nuna muku hanyar dam.

Dam ɗin Kubanni yana kudancin harabar jami'a, kuma daga nan jami'ar ke samun ruwan sha, saboda haka ba wurin wanka ba ne, ba wurin zubar da shara ba ne. Da safe hazo na kwance a kan ruwan, ga zalɓe a tsaye a gefe, balbelu na wucewa. Tsaya nan ka dubi kudu. Dutsen da ka hango ya yi baƙi-baƙi a sararin nan shi ne Kufena. A miƙe bai kai kilomita 10 ba, amma da kewaye-kewayen hanyar gona ka ƙiyasta 12, wato awa uku zuwa huɗu a tafiyar da ba gaggawa. Dutsen shi ne alƙiblarka har ka isa. Idan hazon hunturu ya yi kauri har ya ɓoye shi, riƙe rana a hannun hagunka muddin safiya ce.

Kana tafe kana ratsa ƙasar da aka daɗe ana nazarin nomanta. Tun 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, shekara 40 kafin a buɗe jami'ar a 1962, kuma ita ce ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yanzu. Irin masara da dawa da wake da auduga masu yawa da manoman Arewa ke shukawa daga nan suka fito. Idan ka ga fili an yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane da ɗan allo mai lamba, gonar gwaji ce. Kada ka shiga, kada ka tsinki ko zangarniya ɗaya, aikin shekara guda na wani ne.

Yanzu ga wurin da na sha wuya kafin na koya.

Hanyar gona ba ta zama wuri ɗaya. Turbar da ka bi bara, bana an nome ta, ko an ja waya, ko zaizaya ta cinye ta ta zama kwazazzabo. Shi ya sa taswirar waya ba ta da amfani a nan: hoton da take nuna maka tsoho ne, kuma ba ta san gonar wa aka yi wa feshi jiya ba. Hanya a bakin mutane take. Ka ga manomi, ka tsaya daga iyakar gonarsa, kada ka kutsa kansa. Ka yi sallama, ka ce, "Sannu da aiki, Baba, Allah ya ba da albarka." Ka bari ya amsa, a gaisa sosai, a tambayi gida da gajiya. Sannan ka ce, "Kufena muka nufa, ta ina za mu bi ba mu yi ɓarna ba?" Wannan kalma ta ƙarshe ita ce mabuɗin. Da ya ji ta ya san ka san darajar guminsa. Sau da yawa za ka ga ya ajiye fartanya ya raka ku har inda hanya ta rabu, ko ya kira yaro ya ce, "Kai, raka su bakin rafi." Ba wa yaron ɗan wani abu. Shi dattijon kada ka miƙa masa kuɗi, dabino ya fi.

Inda ba kowa, karanta ƙasa. Layin gamba da ka gani a tsaye tsakanin gonaki biyu iyaka ce, kuma galibi akwai 'yar turba a gefenta, nan za ka bi. Turbar da ke da sawun babur tana kaiwa gari. Wadda ke da sawun ƙafa kaɗai tana iya ƙarewa a tsakiyar gonar wani. Burtali, wato faffaɗar hanyar shanu, ya fi kowace daɗin bi, sai dai idan garke ya taho ka koma gefe ka tsaya, kada ka ratsa tsakiyarsa, kada ka ɗaga sanda. Idan hanya ta bi kusa da ruga, yi sallama da ƙarfi tun daga nesa don a kama karnuka. Idan dole ta sa ka ratsa gonar da aka girbe, taka kwarin kunya, ba bisanta ba, kuma ka duba da kyau, domin sau da yawa an cire dawa amma wake na nan yana yaɗo a ƙasa.

Fadama ta fi ko'ina kyau, ta kuma fi ko'ina saurin jawo rigima. Nan ne za ka ji ƙarar injin ban-ruwa, ka ga mesa ta taso daga rafi tana zuba a 'yar magudanar da aka tona da hannu, ruwan na bi yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, mai lambu na buɗe wannan da fartanya yana toshe wancan. Tumatir, albasa, attaruhu, kabeji, latas, can gefe ga rake. Bakin magudanar nan yana kama da hanya, ya yi tudu, ya miƙe sumul, ƙafa na son hawansa. Kada ka hau. Ƙasa ce jiƙaƙƙiya da aka tara da safiyar nan. Shekarun baya na taka irinsa, ya rufta, ruwan da bawan Allah ya sayi fetur ya jawo ya kwarare cikin fangalin da aka yafa irin albasa, ya kwashe shi. Mutumin bai zage ni ba. Ya dube ni kawai, ya sunkuya ya fara gyara. Na tuɓe takalmi na taya shi, na nemi gafara, ya yafe, amma har yau idan na tuna sai na ji nauyi. Tun daga ranar, magudana tsallake ta nake yi, inda ta fi ƙunci, ƙafa ta sauka a busasshiyar ƙasa. Mesa ma a tsallake ta, ba a taka ta. Yara kuwa a ɗaga su.

Wajen haye rafi, nemi inda masu babur ke hayewa, nan ƙasan ta fi tauri. Soka sanda kafin ka sa ƙafa. Kada ka cire takalmi, kada ka daɗe a ruwan da ba ya gudu, kada yara su yi wasa a ciki, saboda tsargiya a irin wannan ruwa ake ɗaukarta. Sha kuwa ko kusa, ga taki ga maganin feshi duk nan suke gangarowa.

Maciji yana nan, ba na ɓoye maka. Kububuwa da kasa suna son tarin kara da gindin dutse da ciyawa mai duhu. Kada ka zauna a kan tarin kara, kada ka zura hannu a rami. Idan tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya. A hana mutum tafiya, a ɗora shi a babur zuwa asibiti. Akwai asibitin St. Luke a Wusasa, akwai Asibitin Koyarwa a Shika.

Wajen ƙarfe goma za ka ga dutsen ya cika maka ido. Huta a inuwa, ka ci guzurinka. A kewayen Kufena akwai ragowar tsohuwar ganuwa, wani wurin ta zama tudun ƙasa kawai wanda mai gaggawa zai wuce bai lura ba. Tarihin Zazzau ya nuna mutane sun zauna a gindin dutsen nan tun kafin birnin yanzu ya bunƙasa, kuma ana danganta tasowar sarauta daga Turunku zuwa wannan yanki da zamanin Bakwa Turunku, a ƙarni na 16. Idan ka ga fasassun tukwane a ƙasa, duba ka bar su a inda suke. Hawan dutsen ba dole ba ne. Mai so ya nemi yaron unguwa ya nuna masa ta inda ake hawa, ya kuma sani saukowa ta fi hawa wuya.

Daga nan Wusasa kusa ce. Abin da ya sa nake ƙarasa tafiyar a can shi ne tsohon cocin St. Bartholomew. 'Yan mishan ɗin da Dokta Mila ya jagoranta sun zauna cikin birnin Zariya tun 1905, sannan a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, aka gina wannan coci da ƙasa, ginin Hausa sak, da bakan gizo da kaurin bango irin na magina Zazzau. Wanda ya san tsohon Masallacin Juma'a na birni, aikin Babban Gwani Malam Mika'ilu, zai gane dangantakar hannun da zarar ya ɗaga kai. Daga makarantar wannan ƙaramin gari Janar Yakubu Gowon ya fito, haka Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar da ka baro da safe. Ni Musulmi ne, kuma ban taɓa zuwa an yi mini kallon banza ba. Wurin ibadar mutane ne, don haka nemi mai kula da shi, ka gaishe shi, ka nemi izini kafin ka shiga ko ka ɗauki hoto, ka kakkaɓe ƙurar ƙafarka. Ranar Lahadi da safe suna ibada, zaɓi wata rana.

Komawa a mota ake yi. Keke Napep zuwa Ɗan Magaji, daga nan Kwangila, kowa ya kama hanyar Samaru ko Sabon Gari. Kuɗin motar ba ya zama wuri ɗaya, riƙe canji da ɗan dama. Kada ƙarfin hali ya sa ku ce za ku koma a ƙafa da rana tsaka, kuma ko me ake ciki la'asar ta same ku a cikin gari.

Idan ka dawo lafiya, ka sake fita kafin hunturu ya wuce, wannan karon da yaranka. Yara da yawa an haife su a Samaru, kullum suna hango Kufena daga nesa, ba su taɓa ganin yadda ake ba albasa ruwa ba. Ka kai su, ka koya musu yi wa manomi sallama.