TIYATAR RAGE ƘIBA: WA TAKE AMFANA, KUMA YA HUKUNCINTA YAKE?

Wani ɗan kasuwa daga yankinmu na Dambatta ya tambaye ni: nauyinsa kilo 105, tsawonsa mita 1.70, yana da ciwon suga, likita ya yi masa maganar yanke tumbi. Shin wannan canza halittar Allah ne?

Mu fara fahimtar mas'alar tukuna. Likitoci suna raba nauyi da tsawo, su sake raba abin da ya fito da tsawon. Lissafin ɗan uwanmu ya ba da 36. Daga 30 an shiga ƙiba, 35 mataki na biyu, 40 mai tsanani. Aikin da aka fi yi shi ne a cire wajen kashi 80 cikin ɗari na tumbi. A wani kuma ana karkatar da hanyar abinci ta tsallake wani sashe na hanji.

Wanda ya fi ƙiba yakan zubar da kilo mafi yawa, amma da wuya ya dawo siriri. Maganar suga kuwa daban take. A binciken STAMPEDE na Cleveland a Amurka, an bi mutum 150 masu suga shekara 5. Kashi 29 na waɗanda aka karkatar wa hanji sugansu ya daidaita, kashi 23 na waɗanda aka rage wa tumbi, masu magani kaɗai kashi 5. Waɗanda ba su kai 35 ba sun amfana kamar waɗanda suka haura. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sauko da sharaɗin zuwa 30 ga mai suga.

Amma kar a ce warkewa ce ta har abada. A Suwidin, kashi 72 sun rabu da sugan bayan shekara 2, a shekara ta 10 saura kashi 36. Wanda ciwon ya daɗe a jikinsa ya fi saurin komawa. Ga shan bitamin B12 da maganin ƙarin jini iya rayuwa. Mutumin ƙauye ya yi wannan lissafin kafin ya sayar da gona.

Hukunci: Majma'ul Fiqhil Islami, a zamansa na Malesiya a 2007, ya halatta rage nauyi ta tiyata idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an amintu daga cutarwa. Don haka wannan neman magani ne. Ni dai abin da ya fi damuna a garuruwanmu shi ne 'yan mata masu shan "sha ka fashe" don su yi jiki; can ne sugan yake samun ƙofa.

Shi kuma ɗan uwanmu, ya fara zuwa wajen likitocin suga a Asibitin Malam Aminu Kano. In an yi aikin, azumin bana sai da izinin likita, saboda ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar isasshen ruwa a sahur. Ya rama in ya samu sauƙi. Wallahu a'alam.